Curin Cakulan Goma Sha Biyu

Lahadi, 25 ga Agusta, da hantsi

Anti Klaudiya maƙwabciyata ce ta ba ni littafin nan, wai in rubuta yadda ake haɗa abin don kada in manta. Na rubuta mata shi a shafin baya. Shafukan gaba nawa ne, kuma abin da na ga dama zan zuba a ciki, tunda a gidan nan bango kaɗai ya rage yana saurarona.

Yau kwana hamsin da ɗaya da ya ba ni takarda. Saki ɗaya. Bari ma in rubuta sunansa, tunda ba mai gani: Abdulmalik. Shekara shida ina kara ina ce masa Malam, ga inda karar ta kai ni. Kowa ya zaci zan kwashe kayana in koma gidanmu Daɗin Kowa. Ban tafi ba, kuma ba inda za ni. Idda a ɗakin miji ake yin ta, haka aka karantar da mu a islamiyya, ba ni na ƙirƙiro ba. Yayarsa Hasiya ta ce naci ne. Na ji, nacin ne.

Baƙona na wata ya zo sau biyu tun ranar. Idan ya zo na uku bai mayar da ni ba, shi ke nan, na zama bare a gidan da ni na zaɓi kalar labulensa. A lissafina tsakiyar Satumba ne.

Shi kuwa a falo yake kwana, kan doguwar kujera, ƙafafunsa a waje cikin wannan sanyin daminar. Da safe ya ɗauki motarsa sai tashar Tina Junction, lodin Bauchi. Cefane a ƙofar kicin yake ajiye min, kamar mai kiwon akuyar wani. Abincina ba ya ci. Fulas ɗin shayi kaɗai yake ɗauka, shi ma don ya san duk Jos Jarawa babu mai shayin da ya iya citta da kanumfari kamar ni.

To, ga abin da na yanke. Lokacin da yake nemana, wani oga da ya kai filin jirgi ya ba shi ɗan kwalin cakulan, guda huɗu a ciki, ƙulu-ƙulu an barbaɗe su da gari. Bai ci ba sai da ya kawo min zance. Na ci biyu ya ci biyu a zauren gidanmu, yana lumshe ido kamar yaron da aka ba nakiya. Ya ce bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma kada in gaya wa kowa yana son zaƙi. Anti Klaudiya tana yin kek na biki, ta ce ta san abin, sunansa wai tirafil. Ni dai curin cakulan zan ce. Shi zan yi masa da hannuna.

Ba biko nake yi ba. Kyauta ce kawai.

Talata, 27 ga Agusta, bayan azahar

Na ɓata sanda biyu na cakulan.

Ta ce a narkar, na ɗora a wuta na narkar. Da na ga yana kamawa sai na tsiyaya ɗan ruwa, kamar yadda duk mai hankali za ta yi wa miya. Wallahi a gaban idona ya dunƙule ya zama kamar laka. Na kira ta ta katanga, ta zo ta leƙa tukunyar ta riƙe kai.

"Suwaiba, wannan ba miyan kuka ba ne fa. Ruwa no dey enter. Ko ɗigo ɗaya ya shiga, ya mutu. Ban gaya maka ba?"

Ba ta gaya min ba. Ko ta gaya min ina tunanin wani abu, wannan kuma ba laifina ba ne. Wane irin abinci ne mai girman kai haka, ruwan da kowa ke sha shi ya fi ƙarfinsa?

Laraba, 28 ga Agusta, da safe

Ya ɗauki fulas. Ya ce "ina kwana" yana kallon igiyar takalminsa.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Juma'a ba ta yi min daɗi yanzu. Ba zan rubuta dalili ba.

Kulu mai nono ta zo. Na roƙe ta tun shekaranjiya ta kwaso min man da ke tasowa a saman madara kafin a kaɗa, ta kawo shi cikin ɗan kwano, fari tas, mai kauri. Ta ce damina ce, shanu sun ƙoshi, ba don haka ba da ban samu ba. Anti Klaudiya ta so in sayi na kwali a kanti, amma da ta lasa na Kulu sai ta ce a yi da shi.

Wannan karon tsaye ta yi a kaina. Na yayyanka cakulan ƙanana a kwanon da na goge sau uku. Na ɗora man madarar a wuta kaɗan, da gefensa ya fara ƙananan ƙwai na sauke, na juye a kan cakulan. Hannuna ya kai ga cokali ta buge shi. Wai a bar shi tukuna, ya yi minti biyu ba a taɓa ba. Sannan a juya daga tsakiya a hankali. Da farko sai ka ce ya sake lalacewa, can sai ya haɗe ya yi sheƙi har ina hango fuskata. Na sa ɗan man shanu. Ba wuta tun jiya, firji ya zama kabad, amma ta ce a Jos ba a buƙatarsa: na rufe kwanon na zaunar da shi cikin roba mai ruwan randa, ruwan bai kai bakinsa ba. Awa uku ya ɗauka kafin ya daskare.

Sai curi. A wanke hannu da ruwan sanyi, a goge, a ɗebo da cokali, a mulmula da sauri kafin zafin tafin hannu ya narkar da shi, a mirgina a garin cakulan. Kulu ta biyo karɓar kwanonta ta tarar ina yi, ta tsaya tana kallo, can ta fashe da dariya.

"Uwar ɗakina, ashe fura ce! Furar Turawa. Da kin faɗa ai da na cura miki tun ɗazu."

Guda goma sha biyu suka fito. Ban ci ko ɗaya ba, cokalin kawai na lashe. Na rantse shi ne, irin na zauren gidanmu, har ya fi.

Asabar, 31 ga Agusta, da sassafe

Na jera su a gwangwanin madara da na wanke na shimfiɗa wa farar takarda. Na ajiye kusa da fulas. Ina leƙe ta labule. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya sa a aljihun jaket ɗinsa ya fita.

Ya gane. Na san ya gane.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Innalillahi.

Na fita sayen gawayi na haɗu da Haladu, kamashon tasharsu, yana dawowa gida. Tun daga nesa yake washe baki.

"Madam, sannu da aiki! Kai, alawar nan taki ta yi. Oga ya buɗe gwangwani a rumfa, kafin ka ce me an gama. Har wani fasinja ɗan Toro ya samu. Ni biyu na ci. Don Allah in za a ƙara a ɗan rage ɗacin."

A rage ɗacin. Haladu. Mutumin da ke cin goro da barkono a lokaci guda shi ne zai koya min ɗanɗano.

Na tambaye shi, shi Ogan ya ci? Ya sosa ƙeya ya ce bai lura ba, kamar dai bai samu ba, don 'yan lodi sun yi masa rubdugu.

Kwana huɗu ina fama. Na ɓata, na sake, na roƙi Kulu, na sha faɗan Anti Klaudiya, na tsoma hannuna a ruwan randa cikin wannan sanyin har yatsuna suka ƙage. Ya ɗauka ya kai rumfar tasha ya raba kamar ƙosan sadakar Juma'a. Na sani, na sani, namiji ba ya cin abu shi kaɗai a cikin mutane, kome ƙanƙantarsa sai ya ce bismillah. Babana ma haka yake, ko ƙwai ɗaya ne sai ya gutsura wa na kusa. To wa ya ce ya buɗe a cikin mutane? Ba shi da mota? Ba ta da ƙofa?

Ɗan Toro. Wani bawan Allah yana can Toro yanzu da soyayyata a cikinsa.

Lahadi, 1 ga Satumba, da rana

Ban yi masa magana ba. Bai lura ba, tunda dama ba ma yi.

Talata, 3 ga Satumba, da hantsi

Na gaya wa Anti Klaudiya, ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Da ta gama sai ta ce, "To ka ba shi haƙuri ne? Da baki?"

Na ce haƙurin me? Ni aka yi wa laifi. Ni aka zaunar a falona aka kira da sunan da aka kira ni, a gabansa, yana zaune yana danna waya. Shekara biyu ina riƙe da abin da ke cikin ambulan ɗin asibitin nan ban gaya wa ko mahaifiyata ba. Shekara biyu Yaya Hasiya na kawo min jarkokin maganin haihuwa, na sha saiwa, na sha sassaƙe, na sha abin da ko sunansa ban sani ba, duk ina sane babu abin da ke damuna. Ranar dai bakina ya suɓuce. Sau ɗaya. Jimla ɗaya.

Anti Klaudiya ta ce, "Na ji. Amma a gaban sistansa ka faɗa."

Na ce ta ara min ƙaramar rariyarta na barbaɗa gari.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Na sake yi. Goma sha biyu. Sun fi na farko kyau, na iya curin yanzu. Wannan karon na yanki takarda na rubuta, na liƙa a cikin murfin: "Naka ne kai kaɗai. Kada ka ba kowa ko ɗaya." Mu gani ko za a kai wa Haladu.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau bai fita da wuri ba, mota na wurin makaniki. Na ajiye gwangwanin a kan tebur na shiga wanka. Ina fitowa na ji muryar Yaya Hasiya a falo. Ba ta taɓa zuwa da safe ba, sai yau. Na shigo na tarar da murfin a hannunta tana karantawa da ƙarfi, kalma-kalma, kamar mai karanta sammaci.

Ta ɗauki guda ta shinshina. Ta lasa garin da bakin harshe ta tofar.

"Abdul, ka gani ko? Baƙin abu, a dunƙule, ga ɗaci, an barbaɗe da gari. Mace tana cikin idda, kwananta ya kusa ƙarewa, ta ce kai kaɗai za ka ci, kada ka ba kowa. Ko yaron goye ya san mene ne wannan."

Na ce, "Yaya, cakulan ne."

"Cakulan na kanti ai a leda yake zuwa, mai faɗi. Wannan wane malamin ne ya cura miki?"

Ni. Ni Suwaiba, da ko laya ban taɓa ɗaurawa ba. Matar da ta shekara biyu tana ɗura min ruwan jarka, ita ce yau take tuhumata da magani. Na ce ta tambayi Haladu, ai ya ci biyu wancan satin bai bi ni gida ba. Ta ce wancan na gwaji ne, shi ya sa ba a rubuta masa takarda ba. Ka ji fa. Duk ta inda na ɓullo ta riga ta tsaya a wurin.

Na dube shi. Wallahi na dube shi sosai. Kalma ɗaya nake jira: ya ce ya san abin, ya taɓa cin irinsa a zauren gidanmu. Ya kalli tabarma. Ƙala bai ce ba, kamar dai waccan Juma'ar da ya ba ni takarda.

Ta sa gwangwanin a jakarta ta ce za ta kai a duba.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

Ya bar fulas ɗin a kan tebur.

Lahadi, 8 ga Satumba, da safe

Ya bar shi.

Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

Ya bar shi. Na shanye abina, fulas guda, ina zaune a kicin ina kuka don takaici. Shekara shida yana cin tuwon hannuna. Da ina da niyyar sa masa wani abu, sai na jira na koyi girkin Turawa tukuna? Miyar kuka nawa ta wuce ta maƙogwaronsa?

Abin ya zaga unguwa. Matar mai gawayi ta ƙi karɓar gyaɗar da na miƙa wa 'yarta, wai ta ƙoshi. Yarinyar tana kallon gyaɗar kamar ta yi kuka.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan azahar

Bayana ya fara ciwo irin na kullum. Saura kwana huɗu ko biyar ke nan.

Shekara shida ina lissafin kwanakin nan, kowane wata ina roƙon Allah kada baƙon ya zo. Har bayan ambulan ɗin ban daina ba, don likita ba Allah ba ne. Yau ga ni ina roƙon abu ɗaya, don wani dalilin daban. Ko dariya abin bai ba ni ba.

Umma ta kira ta ce in dawo gida haka nan, mutuncina ya fi. Na ce mata ina kan wuta.

Alhamis, 12 ga Satumba, da yamma

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Fuskarsa ranar, lokacin da na faɗa, ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Kamar na tuɓe masa riga a tsakiyar tasha. Ya roƙe ni a bakin asibitin nan in rufa masa, na ɗora hannuna a kan nasa na ce har abada. Na karya.

Amma ita ta fara. Kuma yana zaune.

Amma na karya.

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi

Yaya Hasiya ta aiko wai gobe bayan azahar za ta zo, malaminta ya duba ya ce lallai akwai abu a ciki. Ƙwarai kuwa akwai abu a ciki. Akwai cakulan, akwai man madarar shanun Kulu, akwai man shanu, akwai wahalata.

Na je na sayo sanda biyu, ban ɓare ledarsu ba. Na aika wa Kulu. Na ari rariyar Anti Klaudiya. Ta ce, "Me za ka yi kuma?" Na ce makaranta zan buɗe.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan magariba

Zan rubuta a jere don kada in tsallake wani abu.

Ta zo da gwangwanin a ƙulle cikin baƙar leda, ta ajiye shi nesa da ƙafarta. Kafin ta buɗe baki na shiga kicin na kinkimo ƙaramin gas ɗina na dire a tsakiyar falo. Na dawo da tukunya, kwano, wuƙa, cokali, roba da ruwan randa. Na miƙa mata cakulan na ce, "Yaya, ke za ki ɓare da hannunki." Na miƙa mata man madarar na ce ta ɗanɗana. Ta ce ita ba wasa ya kawo ta ba. Na ce ni ma.

Ta ɓare. Na yanka a gabansu, na dafa, na juye, na jira minti biyu, na juya daga tsakiya. Ƙamshi ya cika falon. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, na yi kamar ban gani ba. Na zaunar da kwanon a ruwa na rufe.

Ta ce, "To, sai a ci mu gani."

Na ce, "Sai ya daskare. Awa uku."

Wallahi ban shirya wannan ba, mantawa na yi da shi. Ita kuma ba za ta tafi ba, don kada in sa wani abu a bayan idonta. Shi ba zai fita ba, don ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Haka muka zauna mu uku muna gadin kwano.

Awar farko ita ta cinye ta. Ta faɗi matan da suka mallake mazajensu a Gangare, da wanda aka sa ya manta uwarsa. Muka yi la'asar, ita a falo don idonta na kan robar. A awa ta biyu zancenta ya ƙare, sai ƙarar ruwa a kan kwanon rufi. Na leƙa abin, bai kama ba. Na rufe. Na ji idan ban yi magana yanzu ba, ba zan taɓa yi ba.

Na ce, "Malam." Bai ɗago ba. Na ce, "A gaban Yaya na yi maka laifi, a gabanta zan ba ka haƙuri. Ka ba ni amana na ci. Ko me aka ce min, bai kamata in taɓa wannan ba. Ka yafe min. Ko ka mayar da ni ko kada ka mayar, ka yafe min wannan."

Muryata ta yi rawa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Yaya Hasiya ta ce, "Yanzu kika yi magana. Ki ce ƙarya kika yi masa, a wuce wurin."

Ba zan sake faɗa ba, kuma ba zan ce ƙarya na yi ba. Na kafa wa robar ido.

Sai ya yi gyaran murya. Ya ce, "Yaya, ba ƙarya ta yi ba."

Ta ce me?

Ya ce, "Takardar asibitin tana cikin akwatina, in kina so ki gani. Matsalar rashin haihuwar tawa ce. Shekara biyu tana shan magungunanki don ta rufa min, ina kallo. Kin kira ta abin da kika kira ta, ina kallo. Rannan kin ce ta yi min asiri, na san cakulan ne tun daga ƙamshinsa, na yi shiru don ban san yadda zan kare ta ban tona kaina ba."

Ya jawo baƙar ledar da ƙafarsa, ya kwance, ya buɗe gwangwanin. Kwana tara suna yawo a jaka, sun lotse sun manne da juna, an gutsuri ɗaya wurin dubawa. Na ce kada ya ci, madara ce, ta yiwu sun lalace. Ya ɓanɓaro guda ya jefa a baki.

Ya tauna. Taunawa ya yi, garas-garas kamar mai cin aya. Abin da ake ɗorawa a harshe a bar shi ya narke. Sai ya ɗauki na biyu.

Yaya Hasiya ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Can ta ce ruwa ya tsagaita, bari ta tafi. Ya ce ta dakata, ya leƙa waje ya kira mijin Anti Klaudiya ya aika a kira masa Haladu da liman na masallacin layinmu. Da suka zo ya ce su shaida ya mayar da matarsa. Haka kawai, a tsaye, da garin cakulan a gemunsa. Liman ya yi addu'a. Haladu yana shafawa yana leƙen robar.

A bakin ƙofa Yaya Hasiya ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Suwaiba, jarkokin nan... ki zubar da sauran." Na ce to. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma na san a wurinta ba kaɗan ba ne.

Da kowa ya watse na tambaye shi abin da ke cina tun rannan: me ya sa ya rabar da na farkon? Ya ce da ya buɗe a mota ya ga irin na zauren gidanmu ne, sai ya ji ba zai iya haɗiyewa ba, shi da ya rubuta min takarda. Ajiyewa kuma ba zai iya ba. Na ce shi ne sai ɗan Toro? Ya ce wane ɗan Toro? Bai ma sani ba.

Na kwanon ya kama daidai magariba. Na cura, ya zauna a kan kujerar tsugune a kicin yana riƙe min rariya. Na sa masa guda a baki na ce in ya tauna sai na koma Daɗin Kowa da ƙafata. Ya lumshe ido.

Har yanzu ina jin haushinsa. Na gaya masa, ya ce ya sani.

Litinin, 16 ga Satumba, da safe

Ya ɗauki fulas. Ya ɗauki gwangwani ma, na ƙwace, na ba shi guda biyu a takarda na ce ya ci a mota, gilashi a rufe.

Litinin ɗin dai, da hantsi

Baƙon ya zo. Ya makara.

Na zauna a bakin gado ina jiran kukan da na saba yi duk wata, shekara shida. Bai zo ba. Na tashi na ɗora ruwan zafi, na wanke rariyar Anti Klaudiya na miƙa mata ta katanga.